Ruwan Shuka a Gandun Alhaji

Shekaranjiya aka yi mana ruwan shuka a Madarumfa. Tun la'asar gabas ta haɗe, iska ta kwashe mini hula ta kai ta gidan maƙwabci, kafin magariba kowane indararo na zuba. Da safe na ja gwiwoyina na zauna bakin hanya, don yanzu aikina na damina ke nan: in shaƙi ƙamshin ƙasa, in gaya wa masu wucewa ba su iya noma ba. Sai ga kamiyo cike da samari, kowa da sungumi a kafaɗa, za a kai su gonar wani ɗan kasuwa wajen Ɗan Issa. Na san iyayensu, na san gonakinsu, na kuma san ba wanda ya jefa ƙwaya guda a tasa tukuna. Na ɗaga musu hannu su tsaya. Suka zaci gaisuwa ce, suka ɗago nasu, mota ta wuce.

Ni ma an taɓa raba ni da gonata a irin wannan safiya, kuma har yau in ƙasa ta yi wannan ƙamshi sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Lokacin ina da ƙarfi da haƙora, ɗan barema ne ni a gandun wani Alhaji da ba zan kama sunansa ba, tunda ya riga mu gidan gaskiya kuma jikokinsa na ba ni goro. Gandun yana bayan tabki, a kan jigawa. In ka tsaya a wannan kai, mutumin da ke wancan kai ba ka sanin namiji ne ko mace. Mu magidanta ne da gonakinmu ba su isa ciyar da mu ba, shi ya sa muke yi masa aiki daga shuka har girbi. Shi kuma kowace ranar kasuwa ya buɗe rumbu a auna mana hatsin da za a ci a gida, da hantsi a kawo mana hura a gona. Kowannenmu yana da 'yar gamanarsa, wato gonarsa ta kansa, wadda yake taɓawa da yamma da ranar Juma'a. Hatsin Alhaji shi ke raba mu da yunwar damina. Na gamana shi ke riƙe gida daga kaka zuwa wata daminar.

Akwai wata al'ada tsakaninmu da shi wadda ba wanda ya taɓa zama ya tsara ta. Safiyar farko bayan ruwan shuka tamu ce. Alhaji da kansa zai fito ƙofar gida da butarsa a hannu ya ce, "Mi kuke jira? Ku tahi ku rufe naku, gobe ku zo mini da hankalinku wuri guda." Sai mu watse. Washegari kuwa ba mu kaɗai ke zuwa ba. Kowa da matarsa, da ƙannensa mata, da 'ya'yansa, wani har da surukarsa. Maza a gaba muna sara da sungumi, mata a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige, suna waƙa, suna zagin duk wanda layinsa ya karkace. Kafin laima ta gudu daga ƙasa an rufe gandun nan kaf. Ba wanda ke biyan matan, su ma ba su taɓa cewa a biya su ba. An bar wa mazansu safiyarsu, sun zo su nuna sun gani.

Wanda bai yi noman jigawa ba zai ce mene ne abin rigima a kan safiya guda. Yashi ne. Ruwa ya sauka yau, gobe samansa ya fara fari, jibi sai ka tona da yatsa kafin ka ji sanyi. Geron da ya shiga ƙasa cikin laimar farko yakan kafa saiwa ya jure ko ruwa ya yi nisa. Wanda ya makara sai ya jira wani ruwan, shi kuwa wani ruwan bai yi alkawari da kowa ba.

Shekarar da nake ba da labarinta, kakar baya ba ta yi kyau ba, bazara kuma ta yi tsawo. Tabki ya ja da baya har shanu na kiwo inda masunta ke jefa taru. Zafi irin wanda tabarma ke ƙona maka baya. A yayyafa wa tsakar gida ruwa, ƙasa ta shanye kafin ka ajiye kwanon. Matata Rabi tana da tsohon ciki. Irin shukarmu, geron da na zaɓa zangarniya-zangarniya tun kaka, ta ƙulle shi a tsumma ta rataye can saman ɗaki inda hannuna ba ya kaiwa, don ta san halina in yunwa ta taso. Masu iri biyu suna binne, su shuka a busasshiyar ƙasa su jira ruwa ya same shi. Mu namu guda ne, in ya ƙone shi ke nan, dole mu jira laima ta gaskiya.

A shekarar aikin hajji ya faɗo bakin damina. Alhaji ya koma Makka, ya bar gandu a hannun ɗansa Sani, wanda ya yi karatun noma a Yamai, muna ce masa Mushe, wato malam da Faransanci. Kada in zalunce shi, yaron ya san ƙasa. Zai ɗebi yashi ya murza ya gaya maka abin da ya rasa. Igiyar da ya kawo don daidaita layi ma, duk dariyar da muka yi mata, daga baya na ga amfaninta. Abin da ya fara ɓata mu da shi usur ne. Ya rataya shi a wuya, in yana son mu taru ya busa, in yana son mu tashi daga hura ya busa. Mu da muka san shi ba wando.

Ruwan ya zo ranar da muka fara fid da rai. Da azahar iska ta tsaya cak, kaji suka buɗe baki suna haki, can sai gabas ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Aka yi ruwa har awaki na kuka, kwaɗin da ba mu san inda suka kwana duk rani ba suka cika gari da hayaniya. Rabi ta sa na hau turmi na sauko da ƙullin irin. Ta kwance, ta zuba a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ce in ba ta ga bayana a gona da sassafe ba za ta sa a yi mini shela.

Da asuba muka taru ƙofar gidan Alhaji kamar yadda muka saba, don dai a ce mana ku tahi. Mushe ya fito da takalman ruwa da usur ɗinsa.

"Yau kowa gandu," ya ce. "Sai an gama shi kowa ya ga gonarsa."

Muka dubi juna. Bulus, wani dogon Kirista daga wajen garin Sarkin Yamma wanda shi ke jan layi in ana sara, ya ja mu gindin bishiyar bedi. A zamanin nan, rediyo ba ta da zance sai na sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, da yajin aiki, yau malaman lakwal, gobe ma'aikatan likita. Bulus ya ce mu ma sai mun naɗa delege, mai magana da yawunmu.

"Idi ya yi lakwal," in ji shi. "Shi ya ji Faransanci."

Lakwal ɗin da na yi, ban kai ga gane gaban allo da bayansa ba aka kore ni saboda na saki gafiya cikin aji. Faransancina kaf bai wuce "wi, mushe" ba. Amma da aka ce delege sai na ji kafaɗata ta ƙara faɗi. Na gyara hula na taka.

"Mushe, Allah shi ja zamaninka, mutane sun aiko ni."

"Waɗanne mutane? Ba ga ku nan ina ganinku ba?"

"Safiyar ga tamu ce. Haka muke yi da Alhaji tun kana haka." Na nuna tsawonsa da hannu daidai gwiwata. Da na bar hannun cikin aljihu da ya fi, don na ga kunnuwansa sun motsa.

"Malam Idi," ya ce, "hatsin da ake auna muku ranar kasuwa, daga ina yake fitowa? Daga gamanarka? Daga gandun ga yake. Laimar da kake tsoron ta gudu daga taka, tawa ma gudu take. In gandu ya makara, wa zai ciyar da ku baɗi? A fara da babba."

Babu ƙarya cikin maganarsa, shi ya sa ta fi ciwo. Na buɗe baki in yi masa zancen mata, na rasa ta inda zan kama. Ta yaya magidanci zai tsaya gaban jama'a yana cinikin diddigen matarsa? Abu ne da ake yi, ba a faɗa.

"Wanda ya tahi gonarsa yau," ya ce, "kada ya zo da buhu ranar awo. An ji?"

Na ce, "Wi, mushe."

Na koma gindin bedi. Bulus ya ce, "Mi ya ce?"

"Ya ce mu ɗauki sungumi."

"Kai mi ka ce masa?"

"Na yi masa Faransanci."

Ba wanda ya yi dariya. Kowa yana auna abu biyu cikin ransa: tuwon wannan mako da tuwon shekara mai zuwa. Gidajenmu ba komai cikinsu sai iri. Muka saɓa sungumi muka bi shi.

Sai da muka isa gandu, aka ja igiya, Mushe ya waiga ya ce, "Ina matan?"

"Suna gida," in ji Bulus.

"To a kira su mana. Rana na yi."

"Ai mu ka ɗauka aiki, Mushe. Su ba ka ɗauke su ba."

Ni aka tura, tunda ni ne delege. Na tarar da Rabi tsaye bakin ƙofa da ƙwaryar iri a hannu, labari ya riga ni isowa.

"A'a, Delege! Har an gama taron?"

"Mushe ya ce ku fito gandu."

"Ka ce masa ni ba 'yar baremar ubansa ba ce. In diddigena yake so, ya zo ya karɓa da kansa."

Haka kowace mace ta ce, kamar sun kwana ɗaki guda. Muka shuka gandun mu kaɗai. Mu sara layi har ƙarshe, mu ajiye sungumi, mu dawo baya muna jefa iri. Yatsun da suka saba da ƙota ba su san tsunkulen gero ba. Wani rami mu zuba masa kamar za a yi tuwo a ciki, wani mu tsallake. Ba waƙa, ba zagi, sai usur. Ba mu haɗa baki mu ɓata masa aiki ba, ko a gaban alkali haka zan faɗa. Amma mutumin da idonsa ke can inda gonarsa ke bushewa, diddigensa ba ya danna ƙasa. Kurciyoyi suka gane haka kafin Mushe, suka riƙa binmu layi-layi. Aikin da ake rufewa cikin laima ya ja har muka kai ga zuba iri a yashi mai ɗumi, muna sane, shi ma yana sane, ba mai cewa a tsaya.

Rabi ta ja cikinta ta tafi gamana ita kaɗai, tana sara tana jefawa tana hutawa. Ta rufe wata kusurwa kafin ƙafafunta su kumbura, matan maƙwabta suka rako ta gida. Ranar da Mushe ya sallame mu na ruga can, na durƙusa na tona har wuyan hannu. Ƙasa ta bushe kamar ba a taɓa ruwa ba. Na mai da sauran irin cikin tsumma.

Daga nan sama ta rufe. Kullum hadari ya taso ya yi mana gwalo ya nufi Katsina. Geron maƙwabtan da suka shuka a laimar farko ya tsaya ƙanana, da rana ya naɗe ganye, da yamma ya buɗe, amma yana nan da ransa. Tawa gonar, ban da kusurwar Rabi, fili ce, ba komai sai sawun ƙadangaru. In zan wuce ta wajen, sai in sake hanya. Cikin wannan jira Rabi ta haihu, aka yi layya muna jin ƙamshin suyar wasu.

Da ruwa na biyu ya zo, fiye da rabin gandun bai tsira ba, yana bukatar a sake shuka. Mushe ya busa usur tun da asuba. Wannan karon ba a nemi delege ba. Kowa ya fito gidansa da sungumi ya nufi gamanarsa, muka wuce ta gabansa muna gaishe shi da ladabi. Ranar awo muka tarar da rumbu a rufe. Muka ce to, mu ma ba mu taka gandu sai an buɗe. Ashe wannan ne yajin aikin da muke ji a rediyo. A rediyo ya fi daɗin ji.

Ban taɓa jin yunwa irin ta waɗannan makonni ba. Tafasa da safe, tafasa da yamma, a barbaɗa mata dusa in an samu. Wani lokaci garin rogo da ake kawowa daga Ɗan Issa, a jiƙa shi ya kumbura ya cika ciki, kafin azahar ya bar ka kamar ba ku taɓa haɗuwa ba. Ina noma ina ganin hauya biyu a hannuna. Nonon Rabi ya ja baya, jaririya ta koyi wani siririn kuka da ba ya tsayawa. Da yamma mu haɗu da Bulus bakin tabki muna neman ɗan kifin da masunta suka raina, ya ce mini, "Delege, yaya sandika?" in ce masa tana gaishe shi.

Mushe bai zauna ba. Ya ɗauko leburori daga ƙetaren iyaka, masu aikin yini. Ba su san gandun ba, ba su san shi ba, ba su kuma damu su sani ba. In yana kansu su yi noma, in ya juya baya su ture yashi kan ciyawa. Da nasu gonakin suka kira su, suka tattara suka bar shi tsakiyar noman fari. Harƙiya da ƙarangiya suka shiga gandun Alhaji suka yi gida. Na taɓa hango shi shi kaɗai da hauya a tsakiyar wannan fili, da takalman ruwansa, yana noma kamar zai iya. Na so in ji daɗi. Yunwa ba ta bar ni ba.

Alhaji ya dawo. Ko hutawa bai yi ba ya sa aka kai shi gandu, ya zagaya shi da ƙafa. Da la'asar ya aika a kira mu. Muka zauna ƙasa, Mushe na tsaye gefe.

"Wa ya hana su safiyarsu?"

"Ni ne, Baba. Na ga gandu ya fi..."

"Ka ga gandu. Su ba ka gan su ba?" Ya juyo gare mu. "Ku kuma kun bar mini gona ta mutu ina ɗakin Allah. To, ba komi. Gaskiyarku ce. A buɗe musu rumbu."

Muka fito ana ihu, wai mun ci nasara. Har ɗaga ni aka yi sama, ni da ban yi komai ba sai wi mushe. Na shiga gida da buhu a kai ina tafiyar sarauta. Washegari Sani ya shiga mota ya tafi Maradi, bai sake kama hauya ba har yau. Ƙasar nan ta yi asarar manomi a ranar, ban gane ba sai da na tsufa.

Muka koma gandu muka yi abin da za mu iya, mata ma suka fito cirar ciyawa. Amma gero ba ya jin an shirya. Nawa ya tashi da kyau, ya yi tsawo, ya fid da kai, yana cikin bununi ruwa ya ɗauke. Na yi ta duban gabas har wuyana ya ƙage. Da kaka ka kama zangarniya doguwa kamar ta kirki, ka murza a tafin hannu, ka hura, ba abin da zai saura. 'Yar kusurwar da Rabi ta shuka da cikinta ce kawai ta yi ido. Gandu kuwa, rumbunan da kan cika a bar damma a waje, a shekarar ƙarami ma bai kai wuya ba.

Bayan girbi Alhaji ya sake kiranmu. Ya ce baɗi ba barema. Zai yanka gandun ya ba da aro, ya mai da hankalinsa kan kamiyo da hanyar Ɗan Issa.

Na ce, "Alhaji, ai an shirya."

"Ba fushi nake ba, Idi," ya ce. "Na ga abu ne mai iya mutuwa in na juya baya sau guda. Na tsufa, ba ni iya tsaron irinsa."

Yanzu masu manyan gonaki ta salula suke neman ma'aikata. A kwaso su a mota, a sallame su da yamma, gobe a kwaso wasu. Mai gona bai san sunan kowa ba, su ma ba su san ƙofar gidansa ba. Ba hura, ba waƙa, ba wanda matarsa za ta taka gonar wani don kara. Suna kukan gona ba ta ba da abin da take bayarwa da, suna ƙara mata taki. In na ce wa samari da can safiyar farko ta talaka ce, sai su ce tsoho ya fara ruɗewa.

Ɗan hatsin da muka samu bai kai a hau rumbu dominsa ba. A ɗaki muka ajiye shi, ya ƙare tun ana sanyi. Wata safiya Rabi tana goye da yarinya, ta ɗora tukunyar busasshen ganye, itace ya yanke mata. Ta zagaya gida ba ta samu ko tsinke ba. Ta je ta tsaya gaban rumbunmu na kara, ta daɗe tana dubansa.

"Malam, in zari kara nan?"

"Ki bar shi. Rumbu ne."

"Na mi?"

Ni da aka ɗaga sama saboda iya magana, ban samu amsa ko ta Faransanci ba. Na ɗauko turmi na taka, na sauke jinkar da hannuna, na kwance igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, na tara mata karan kusa da murhu. Ya bushe sarai, wuta ta kama shi ba ko hurawa. Ya dafa mana ganye na 'yan kwanaki. Abin da rumbun ya ba mu ke nan a shekarar.